Bakin Ruwan Manoma: Yawon Buɗe Ido a Madatsun Arewacin Kano

Daga Dambatta zuwa gaɓar teku mafi kusa, tafiyar mota ce ta fiye da kilomita 1,000. Yawancin manoman wannan yanki na arewacin Kano sukan girma har su tsufa ba su taɓa sa teku a ido ba, sai fa wanda Allah ya nufa da sauke farali, ya hango Bahar Maliya a Jidda. Amma hakan bai hana su samun nasu bakin ruwan ba. Washegarin kowace Sallah, hanyoyin da suka nufi madatsun ruwa na Tomas da Watari da Gari kan ɗauki jama'a: samari uku-uku a kan babur, shadda na ƙyalli, an karya hula; 'yan mata a cikin a-daidaita-sahu, hannuwa sun sha lalle; yara a bayan motar kaya suna ta sowa.

A bakin ruwan kuwa kasuwa ce take ci ba tare da an yi shela ba. Mai rake ya jingine kurarsa a gindin darbejiya yana ta fira, mai awara ta ɗora kasko, ga karfasa ana soyawa ana barbaɗa mata yaji, ga mai fura da nono ta sauke ƙwarya a inuwa. Masuncin da ya saba fita tun asuba yau ya ajiye komarsa, ya mai da kwale-kwalensa na haya, yana ɗan zagayawa da baƙi yana dawowa. Kowa da waya a hannu, ana neman inda ruwa zai fito sosai a bayan hoto. Kafin magariba an watse, an bar ɓawon rake da ledoji.

Babu tikiti, babu ɗan jagora, babu mai ƙirga waɗanda suka zo. Duk da haka, a kan irin wannan sha'awa ce manyan biranen bakin teku suka gina arzikinsu: mutum ya bar gida, ya kashe ɗan abin da ya samu, don ya ga ruwa ya sarara. Abin da ya raba su da bakin ruwan Kano shi ne tsari, kuma a nan rashin tsarin ya wuce asarar kuɗi, ya kai ga asarar rayuka.

Abin da biranen bakin teku ke sayarwa

Baƙon da ya je birnin bakin teku yakan gaji da zaman rairayi cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai ya fara tambayar ina za a kai shi. Amsa wannan tambaya ita ce sana'ar dubban mutane.

A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, akan ɗebi baƙi da safe a zagaya da su tsohon gari mai gine-ginen dutse da ƙofofi masu sassaƙa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Wasu a tsallaka da su a jirgi zuwa tsibirin Changuu su ga manyan kunkuru, da yamma kuma a hau jirgin filafilai irin na Larabawan da. Sai dai ɗaya daga cikin zagayen da suka fi farin jini ba shi da alaƙa da teku ko kaɗan. Gona ake zuwa. Tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Sayyid Sa'id, tsibirin ya shahara da noman kanumfari, yau kuma manoma sun buɗe gonakinsu ga baƙi. Jagora zai ɓantaro ɓawon itace ya ce a sansana, ashe kirfa ce; ya tono saiwa ya karya, sai ga kurkur; wani yaro ya hau bishiyar kwakwa ya jefo, a fasa a sha; a ƙarshe a shimfiɗa tabarma a ci shinkafar da aka dafa da kayan ƙanshin gonar. Bature ya biya kuɗin jirgi daga wata uwa duniya, ya kuma sake biya don ya ga abin da manomi ke gani kullum.

A Badagry ta Jihar Legas tarihi ake sayarwa. Ana nuna wa ɗalibai gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da ɗakunan da aka tsare bayi a gidan Seriki Abass, sannan a tsallaka da su ruwa zuwa Gberefu, su taka hanyar da aka bi da bayi har bakin teku.

Alhazanmu ma sun san wannan sana'a sarai. A Madina ana ɗibarsu a mota a kai su ziyara Masallacin Ƙuba da Dutsen Uhudu da Masallacin Ƙiblataini, wani yana yi musu bayani da Hausa. Wanda ya samu sarari a Jidda yakan leƙa bakin teku, ya ga ruwan da ake harbawa sama fiye da mita 250, ko ya shiga tsohuwar unguwar Balad, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2014.

A duk waɗannan wurare abu huɗu ne ba ya canzawa. An san lokacin tashi da na dawowa, an san farashi, akwai mai bayani, akwai kuma wanda za a riƙe in wani abu ya faru. Kuɗin baƙo ɗaya kan rabu gida-gida: direba, jagora, mai jirgi, mai gona, mai abinci, mai sayar da tsaraba.

Yadda ruwa ya zo ya zauna

Kafin shekarun 1970, ƙasar Kano ba ta san babban ruwa mai kwana rani ba. Damina wata huɗu ce ko ɗan fiye. Koguna su cika su tumbatsa, da kaka ta wuce sai su koma yashi, a riƙa tona su ana neman na sha. Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki ɗamarar tare wannan ruwa da ke wucewa a banza. Ya fara da Bagauda, sannan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano. Tafkin Tiga ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, kuma shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya ƙara tabbatar wa jama'a cewa wannan aiki ba almubazzaranci ba ne.

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aikin ya iso arewa, yawancinsa ta hannun WRECA, hukumar ayyukan ruwa ta jihar. Aka datse Kogin Tomas a ƙasar Dambatta, aka datse Gari a Kunci, Watari a Bagwai, Jakara kuma a Wasai ta yankin Minjibir. An yi su ne domin ruwan sha da noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi.

Sai dai Audu Bako ya hango wani abu bayan wannan. A bakin tafkin Bagauda ya gina otal mai ɗakuna warwatse cikin itatuwa, a Tiga aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, a cikin birni kuma ya kafa Gidan Zoo da ke ɗauke da sunansa har yau. An yi zamanin da ma'aikata da 'yan kasuwa da Turawan Kano kan tafi Bagauda hutun ƙarshen mako. Daga baya harkar ta ja baya, otal ɗin ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Madatsun arewa kuwa tun farko ba su samu irin wannan gata ba. Jama'a ne da kansu suka mai da su wurin zuwa, sai kuma 'yan kasuwa da suka buɗe wurin shaƙatawa na kuɗi a yankin Minjibir cikin 'yan shekarun nan.

Ƙasar da babu fili a banza

Duk mai son fahimtar bakin ruwan arewacin Kano, sai ya fara fahimtar ƙasar da ruwan ya kwanta a kai. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin suna cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya shigo Kano ta hanyar Katsina a watan Fabrairun 1851, ya yaba da yawan gonaki da garuruwan da ya ratsa. Bayan fiye da shekara ɗari, Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda ƙasa ɗaya take ci da mutane masu yawa haka, ana noma ta kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba.

Amsar tana hannun manoma. Gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya suke zama. Taki ana kai shi tun rani, a da a mangalar jaki, yanzu har da amalanke da mota, wani ma daga jujin birni ake sayo shi. Harawa da karmami a kan bishiya ake ajiye su don tumaki da awaki, su kuma su mayar wa gona da taki. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo ba tsirowa kawai suka yi aka bar su ba. Kowace da mai ita, kowace da amfaninta. Iyakar gona ma ba a barinta haka, gamba ake dasawa a yi zana da ita.

A irin wannan ƙasa, dam ba a daji ya sauka ba. Ya cinye gonaki da fadamu, ya tashi wasu ƙauyuka, ya raba wasu da kasuwarsu da danginsu. Abin da ya biya su da shi shi ne noman rani. Da ruwa ya fara ja baya bayan damina, manoma kan bi shi taki-taki suna shuka a danshin da ya bari, a ƙasan madatsa kuma magudanai na kai ruwa gonakin tumatir da albasa da tattasai da alkama da shinkafa. Saboda haka babu wani rairayi da ke zaune yana jiran a kafa masa laima da kujeru. Gaɓar da baƙo yake gani kamar fili ce, gonar wani ce, ko mashayar shanu, ko matsayar jiragen masunta.

Wannan shi ya sa kwaikwayon otal-otal na bakin teku ba zai haifar wa yankin ɗa mai ido ba. Darasin gonakin Zanzibar ya fi kusa da shi: aikin da mutanen wurin ke yi shi ne babban abin kallo.

Abin da baƙo zai gani

Wanda ya isa bakin Tomas ko Watari da sanyin safiya a watan Disamba zai tarar da wata duniya dabam da ta ranar Sallah. Hazo na kwance a kan ruwa. Masunta sun riga sun shiga, wasu a kwale-kwale, wasu kife a kan gora suna tuƙi da hannu, suna bin kallin da suka shimfiɗa tun jiya. Mai birgi na tsaye a bakin jirgi, ya naɗe ragar a kafaɗa, ya juya jiki ya watsa ta, ta buɗe ta faɗa ruwa, ya jira kaɗan ya fara ja a hankali. A gaɓa 'yan sari sun jeru da robobi da kwanduna, ana zube tarwaɗa da karfasa ana ciniki, ƙanana a ware wa masu suya, manya a wuce da su birni. Zalɓe na tsaye a ƙafa ɗaya cikin ruwa mara zurfi, belbela na bin shanun da Fulani suka koro sha, garken kirinjijiya ya tashi da kuka. A wannan lokaci ne kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai kan sauka a ruwayen arewacin Najeriya.

Taku kaɗan daga nan injin ban-ruwa na ta ƙara. Manomi da ɗansa suna cikin fangali, ɗan yana buɗe bakin ruwa da fartanya, in wannan ya cika ya toshe ya buɗe na gaba. Baƙon da ya yi sallama ya ce, "Sannu da aiki, Baba," da wuya ya bar wurin ba a tsinko masa tumatir ko an tumɓuko masa karas ba, tare da roƙon ya bi ta kan kunya kada ya taka shuka.

Ruwan kuma ba shi kaɗai ba ne. Hanyoyi biyu da suka fita daga Kano zuwa arewa kowace cike take da wuraren tsayawa. Mai bin ɓangaren Daura zai iya farawa da Fanisau a ƙasar Ungogo, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya yi sansani lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku na Kazaure. A nan ne matafiyin Birtaniya Hugh Clapperton ya same shi a 1824. Gidan sarki na nan har yanzu, kuma can ake yin Hawan Fanisau, ɗaya daga cikin haye-hayen Sallar Kano da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2024. Gaba kuma ga Dambatta, mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, garin da Ɗan Tunku ya zauna kafin kafuwar masarautar Kazaure. In ranar Lahadi ce, kasuwar Dambatta na ci, karar shanu ta cika maƙil. Daga nan Tomas ba nisa, kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana wannan yanki. Mai son ganin masaƙa sai ya ratsa ta Minjibir, garin da ya daɗe da suna a saƙar hannu.

Mai bin hanyar Katsina kuwa zai fara cin karo da Dawanau, kasuwar hatsin da ake sa wa a sahun gaba a Afirka ta Yamma, inda buhunan masara da wake da riɗi da zoɓo ke hawa manyan motoci zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da tashoshin jiragen ruwa na kudu. Sai Dawakin Tofa, mazaunin Madakin Kano, ƙasar magina tukwane, inda Kwalejin Kimiyya da aka buɗe a 1977 take. Sai Bichi, sannan a karya zuwa Bagwai a iske Watari. Kowace daga cikin hanyoyin nan biyu ana iya yinta a wuni ɗaya, a tashi bayan sallar asuba a dawo kafin magariba.

Su wa za su zo

Ba sai an jira Turawa ba. Fita kallo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kano. Akwai yawon Sallah, akwai kallon hawa, akwai ranar Takutaha da jama'a ke tururuwa zuwa Dutsen Dala mako guda bayan Mauludi. Makarantun boko da na Islamiyya kuma kowace shekara sukan yi hayar mota su fita da ɗalibai, don gani ya kori ji.

Sai dai kusan duk wannan tafiya fuska ɗaya take kallo. Yaron Kunci ko Makoɗa ake ɗaukowa a kawo shi birni, a nuna masa Gidan Zoo da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Da wuya a ga an ɗebi yaran Fagge ko Tarauni an kai su ƙauye. Ga yaro nan yana cin miyar tumatir kullum bai taɓa ganinsa a jikin uwarsa ba, yana karanta noman rani a littafi alhali fangali na nan tafiyar sa'a ɗaya daga ajinsu. Birnin da ke da miliyoyin mutane da dubban makarantu ya ishi waɗannan ƙauyuka baƙi shekara da shekaru.

Akwai kuma magidanta. Mutum yana da hali, yana son fita da iyalinsa, amma ba zai kai matarsa da 'ya'yansa mata inda babu inuwa, babu makewayi, babu wurin alwala da salla, babu kuma keɓantaccen wurin da za su zauna ba tare da cakuɗa da samari ba. Rumfa da tabarma da banɗaki mai tsabta da ɗan masallaci ba su kai kuɗin ɗaki ɗaya na babban otal ba, amma rashinsu ne ke hana mafi yawan masu kashe kuɗi zuwa.

Darasin Bagwai

Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, wani jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su je taron Mauludi. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, ya kife. An tsamo gawarwaki aƙalla 29, mafi yawansu yara. Gwamnatin jiha ta dakatar da sufurin jirage a wurin na wani lokaci. Mutanen Badau ba don nishaɗi suke hawa jirgi ba. Ruwa ne ya shiga tsakaninsu da Bagwai, zagayawa ta mota kuwa doguwar tafiya ce. Amma irin jiragen nan da irin lodin nan su ne dai ake samu ranar da baƙi suka cika bakin dam.

Dokokin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa a fili suke: kada a wuce adadin da jirgi zai iya ɗauka, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kada a yi tafiyar dare. Matsalar ita ce a yawancin matsayar jiragen ƙauye babu mai tsayawa ya tabbatar an bi su. Mai jirgi na ganin ranar samu ta zo, fasinja na gaggawa, babu mai son a ce shi ne zai jira sawu na biyu.

Wanka ma yana cin rai. Ruwan dam a ido kwance yake lif, amma ƙarƙashinsa akwai tsohon kwarin kogi da ke zurmawa farat ɗaya, akwai laka mai riƙe ƙafa, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da ragar masunta. Yaron birni da ya koyi iyo a kududdufin unguwa bai san ko ɗaya daga ciki ba, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne.

Sai kuma haɗarin da ba a gani. Tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, tana yaɗuwa ne ta wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mara gudu. Ƙwayar cutar kan fito daga jikinsu ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ko da bai sha ba. Tana da magani, ana ma raba shi a makarantu, amma baƙo ya kamata a gaya masa tun kafin ya tuɓe takalmi. Madatsar Jakara tana da tata damuwar ta daban: kogin ta tsakiyar birnin Kano ya ratso, ya kwaso dattin unguwanni, ya kuma haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Kyan wurin a ido bai sa ruwansa ya zama na wanka ba.

Abin da ya rage a yi

Ƙasar Hausa tana da misalin ruwan da aka tsara har ya jawo duniya. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ya kuma shiga jerin UNESCO a 2016. Ƙarfinsa yana wajen cewa masu ruwan ne ke riƙe da shi. Sarkin Ruwa ke da ta cewa a kogin Matan Fada, an san lokacin da aka hana kamun kifi, an san lokacin da aka buɗe, ba mai shiga sai an ba da izini.

Madatsun arewacin Kano ma ba su rasa shugabanni ba. Akwai sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta, akwai ƙungiyoyin manoman rani, akwai masu unguwa da dagatai da hakimai, ga ƙananan hukumomi. Abin da ake bukata daga gare su ba ya wuce ƙarfinsu: a rubuta kowane jirgi, a zana adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa da fenti, a ajiye rigunan kariya har da na yara a matsaya, a tsayar da mutum ɗaya mai ikon cewa jirgi ya cika, a kafa alama inda ruwa ke da zurfi, ranakun Sallah kuma a ajiye gwanayen iyo daga cikin masunta a biya su. Ɗaliban kwalejin aikin gona da matasan gari da suka yi karatu za su iya zama 'yan jagora, su yi bayanin dam da gona da tarihin gari da Hausa da Turanci. Manomin da aka shiga gonarsa a yanka masa rabonsa, matan gari su riƙe abinci, magina da masaƙa su samu rumfar baje kaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ke cike, lambu ya yi kore, rana ba ta yi zafi ba, hannun manomi kuma na da sauran kuɗin kaka. Tsaro ma dole a sa shi a lissafi, musamman a garuruwan da ke iyaka da Jihar Katsina, a riƙa tuntuɓar hukuma kafin a fita da ɗalibai.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a yi jinkiri ba. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk inda hanya ta sauƙaƙa, farashin fili kan tashi, na bakin ruwa kuma ya fi kowanne saurin tashi. Mutanen Legas sun ga yadda abin yake: Bar Beach, inda talaka kan je da iyalinsa ya sha iska kyauta, yau an cike wurin da yashi an ɗora sabon birnin Eko Atlantic, yawancin gaɓar da ta rage kuma sai an biya kuɗin shiga. A Tomas da Watari da Gari abin da za a rasa ya fi wurin shan iska, domin gaɓar nan ita ce gonar rani da mashaya da matsayar jirgi. In har za a bai wa mai kuɗi fili ya gina wurin shaƙatawa, wajibi ne dagaci da sarkin ruwa da shugabannin manoma su zauna a teburin tun kafin a sa hannu, a rubuta a takarda inda burtalin shanu zai bi, da inda masunta za su ɗaure jiragensu, da faɗin gaɓar da za a bar wa mutanen gari ba tare da katanga ba.